Tambaya da Amsa: Man Inji a Jiragen Ruwan Shaƙatawa Masu Shan Mai Iri-iri

Wasiƙun wannan watan sun haɗu a kan manyan jiragen ruwan yawon shaƙatawa, waɗanda injinsu ke shan mai iri biyu ko uku a tafiya ɗaya. Mu fara daidaita kalmomi. A gareji ana ce wa man inji baƙin mai ko man juye, a masana'anta kuwa baƙin mai shi ne mai kaurin nan da ake ƙonawa a tukunyar tururi. A nan, man inji shi ne na shafe ƙarafa, kakkauran mai shi ne HFO da jirgi ke ƙonawa, iskar gas kuma ita ce LNG, ba man gas ɗin da muke nufi da dizal ba.

Tambaya: Ni makanikin janareto ne a Kano. Na ji an ce jirgi ɗaya yakan sha mai uku. Me ya kawo haka, kuma ina ruwan man inji da abin da aka zuba a tanki?

Amsa: Doka ce ta kawo shi, Malam, kuma maganar duk a kan farar wuta take. Daga 1 ga Janairun 2020 Hukumar Sufurin Ruwa ta Duniya, IMO, ta rage farar wutar da aka yarda a samu a man jirgi daga kashi 3.5 cikin 100 zuwa kashi 0.5. A wasu yankuna, kamar Tekun Baltik, Tekun Arewa, gaɓar Amurka ta Arewa da ɓangaren Amurka na Karibiyan, iyakar kashi 0.1 ce tun 2015, Bahar Rum kuma ta shiga sahu ranar 1 ga Mayun 2025. Jirgin da ke da na'urar wanke hayaƙi yana iya ci gaba da shan kakkauran mai inda aka yarda, amma akwai tashoshin da suka hana zubar da ruwan wankin, sai ya koma dizal. Ga kuma iskar gas. AIDAnova, wanda kamfanin Meyer Werft na Jamus ya miƙa a ƙarshen 2018, shi ne jirgin shaƙatawa na farko da ke iya tafiya da LNG a teku da tasha. MSC World Europa na 2022 da Icon of the Seas na 2024 duk injunansu masu shan gas da dizal ne.

Injunan nan 'yan'uwan janaretonka ne, girma kawai suka fi shi. Masu bugu huɗu ne, suna juyi 500 zuwa 600 a minti, faɗin silinda ɗaya ya kai santimita 46, kuma aikinsu ba da wuta: lantarki ne ke juya farfela, shi ke riƙe da ɗakunan kwana da kicin. Jirgi yakan ɗauki huɗu zuwa shida. A irin wannan inji man da ke tankin ƙasa shi ke yin komai. Shi ke shafe mital ɗin karanshaf, shi ke sanyaya ƙarƙashin kan fistin, shi ke hawa bangon silinda ya gamu da hayaƙi. Don haka duk abin da aka ƙona a sama, ragowarsa a man inji take sauka. Ɗauki inji mai kilowat 12,000 da ke shan kusan kilo 2,200 na mai a awa. In farar wutar man kashi 2.5 ce, kilo 55 ke nan na ratsa silinda duk awa. In kashi 0.1 ce, kilo 2 da ɗan ɗoriya. In gas ne, kusan babu. Mafi yawanta na fita ta salansa, amma wani ɓangare na haɗuwa da tururin ƙuna ya zama asid a bangon silinda. Man da zai iya da kilo 55 ba shi ne ya dace da babu ba.

Tambaya: Ɗaliba ce ni a Makarantar Sufurin Ruwa ta Oron. Ina son bayanin BN, da yadda ake zaɓar lamba ga kowane mai.

Amsa: Malama, kin san yadda ake jefa kanwa a abu mai tsami don ta kashe tsamin. BN ma'aunin kanwar da ke cikin man inji ne. Ana auna ta da miligiram na KOH, wani sinadari mai kashe asid, a giram ɗaya na mai, sinadarin da ke ba da ita kuma na kalsiyam ne. Duk lokacin da ya gamu da asid sai ya cinye shi, shi ma ya ragu. Sinadarin yana da aiki na biyu da ɗalibai ke mantawa: shi ne sabulun da ke hana datti mannewa a ramin ringi da ƙarƙashin fistin.

Abin da masu ƙera injuna suka fi ba da shawara ga masu bugu huɗu shi ne: kakkauran mai mai farar wuta da yawa, BN 40 zuwa 55; mai mai kashi 0.5, BN 30 zuwa 40, wasu injunan 20 ma ya ishe su; dizal zalla, BN 12 zuwa 20; gas zalla, BN 4 zuwa 7 mai ƙarancin toka. Kaurin kusan ko'ina SAE 40 ne.

Amma kada ki haddace jerin nan ki ɗauka an gama. Lambar da ke jikin duro ta sabon mai ce. Wadda ke kare inji ita ce ta cikin tanki, ita kuma ja-in-ja ce tsakanin asid da ke cin ta da sabon man ciko da ke ƙara ta. Tsofaffin injuna, masu shan giram 1 ko fiye na man inji a kowace kilowat-awa, ciko kaɗai na sabunta mansu. Na yanzu an sa musu zobe mai kankare gawayin kan fistin a saman silib, wato bangon cikin silinda, shansu ya sauko wajen giram 0.5 ko ƙasa. Ciko ya ragu, kanwa ta fi saurin faɗuwa, shi ya sa aka fito da BN 50 da 55. Injuna biyu masu shan mai iri ɗaya na iya buƙatar lamba daban saboda ɗaya ya fi ɗaya shan man inji.

Tambaya: Daga Tema ta ƙasar Ghana nake rubutowa. A jiragen dakon kaya, in an sauya mai ana sauya man silinda nan take. Me ya hana a yi haka a jirgin shaƙatawa?

Amsa: Ginin injin ne ya hana. Babban injin jirgin kaya mai bugu biyu ne, akwai shamaki tsakanin silinda da ɗakin karanshaf. Man silinda dabam yake, ana fesa shi ya ƙone sau ɗaya, don haka juya bawul ɗaya ya isa a tashi daga BN 100 zuwa BN 40. Mai bugu huɗu ba shi da wannan gatan. Tankin ƙasansa na ɗaukar wajen lita 1.2 zuwa 1.5 kan kowace kilowat. Injinmu mai kilowat 12,000 ke nan yana da kusan lita 15,000, yana shan kilo 6 na man inji a awa, wato lita 160 a yini in yana cikakken aiki. Sai an haura wata uku kafin ciko ya kai yawan abin da ke tankin. Jirgin kuwa yana iya sauya mai sau biyu a mako.

Hanyoyi uku ake bi. Ta farko, a zaɓi lamba ɗaya bisa man da ya fi farar wuta cikin waɗanda injin ke sha a kai a kai. Injin da ke yawo tsakanin gas da kakkauran mai ba a zuba masa sabon mai ƙasa da BN 30. Mai yawo tsakanin gas da dizal yakan zauna tsakanin 10 da 20. Ta biyu, tunda injuna da yawa ne kuma kowane da tankinsa, a ware wasu su riƙa shan mai tsabta a tasha, wasu su ɗauki doguwar tafiya, kowane rukuni da man injinsa. Ta uku, a ajiye mai iri biyu a jirgi a riƙa sarrafa lambar ta hanyar ciko.

Lissafin ta ukun mai sauƙi ne. Tanki mai lita 15,000 ya sauko BN 22, ga doguwar tafiya da kakkauran mai a gaba. A zare lita 3,000 a mayar da sabo mai BN 40. Lita 12,000 sau 22, a haɗa da 3,000 sau 40, a raba da 15,000: an samu 25.6. Sharuɗɗa biyu ne. Mayukan su kasance na kamfani ɗaya kuma dangi ɗaya, ko a samu tabbacin mai sayarwa cewa suna gauraya. Sannan kada a kwarara sabon mai da yawa lokaci guda a kan tsohon da ya yi datti, don yakan sa dattin da ke rataye a mai ya zube ya toshe filta. Kusan kashi 10 cikin 100 a kowane zubi ya fi lafiya, wato lita 3,000 ɗin nan a kasa ta biyu, firifaya, na'urar tace man inji, tana aiki.

Tambaya: To me zai hana a zuba BN 50 kullum a huta? Ai yawa ya fi ƙaranci.

Amsa: Kanwa in ta yi yawa ita ma ɓata miya take. Kalsiyam ba ya ƙonewa, toka yake zama. Mai BN 40 yana barin toka wajen kashi 5 cikin 100, man injin gas kuwa wajen kashi 0.5. Injin da ke shan kilo 6 a awa ke nan yana aika giram 300 na toka ɗakin ƙuna duk awa, sama da kilo 7 a yini, maimakon giram 30 a awa. In akwai asid, kalsiyam ɗin na da abokin faɗa. In babu, sai ya taru ya daskare a kan fistin, a bakin bawul, a fukafukan turbo, har a na'urar rage gubar hayaƙi.

A kan gas abin ya fi muni. Injin yana shaƙar gas gauraye da iska mai yawa, sai ɗan dizal kaɗan, wajen kashi 1 cikin 100 na kuzarin, ya kunna wutar a daidai lokacin da ake so. Ɓawon toka da ya yi ja da zafi yakan kunna gas ɗin kafin lokaci, ɗigon man inji da ya shiga silinda ma yakan yi haka. Sai matsi ya yi tsalle, silinda ta fara ƙwanƙwasa. Wannan ba shi ne nokin ɗin da muke faɗa a gareji ba, wanda inji ke cijewa. Bugun wuta ne ba bisa ƙa'ida ba. Na'urar sauraro na jin sa, kwamfutar inji ta rage lodi ko ta mayar da shi dizal nan take. Injin da ke yawan tsallakewa daga gas zuwa dizal ba gaira ba dalili, a leƙa ɗakin ƙuna da kyamara kafin a zargi na'urorin gas. Ga kuma bawul ɗin hayaƙi: in ɓawon toka a mazauninsa ya ɓalle gefe guda, wuta ta samu kafa, sai ta yanka masa kwari kamar da wuƙa.

Toka kaɗan kuma ana son ta. Gas busasshe ne, ba ya barin komai da zai zama matashi tsakanin bawul da mazauninsa. In toka ta yi ƙaranci, bawul na dukan ƙarfe tsagwaro, ya riƙa nutsewa, ratar tafet ta riƙa tsukewa. Wanda ke rubuta ratar a kowane sabis shi zai fara gani.

Akwai kuma cutar da ke bin dizal mai ƙarancin farar wuta, musamman in inji na yawan aiki da ƙaramin lodi a tasha: wani fanish mai launin zuma yakan lulluɓe silib, ya cike ƙananan zanen da ke riƙe mai. Bango ya yi santsi, ringi su kasa share mai, shan man inji ya ninka. Man inji mai kanwa fiye da kima na daga cikin abubuwan da ke taimaka mata. Wanda ya yi nisa sai an sake goge silib.

Tambaya: Wane mataki ake bi wajen sauyawa daga kakkauran mai zuwa dizal, kuma ina aka fi samun matsala?

Amsa: Kakkauran mai sai an dafa shi zuwa digiri 120 zuwa 150 kafin ya tsinke ya bi nozul. Dizal kuwa a digiri 40 ko ƙasa ake son sa, don kaurinsa kada ya gaza 2 a ma'aunin kauri na cSt a bakin famfon injekta. Tazarar ta kai digiri 100, ƙa'ida kuma kada zafi ya sauya fiye da digiri 2 a minti. Ke nan aikin kusan awa guda ne, ban da lokacin da dizal zai ɗauka ya kore ragowar mai daga bututu. Dole a gama kafin a shiga yankin kashi 0.1, a rubuta lokaci, wurin da jirgi yake da yawan man kowane tanki a littafi.

Ana rage lodi zuwa inda littafin injin ya ce, a kashe tururin da ke ɗumama bututu, a riƙa rage na hita sannu a hankali, a buɗe dizal kaɗan-kaɗan, in zafi ya sauko a kunna na'urar sanyaya dizal. Ido na kan filta, domin dizal yakan wanko dattin bututu, wani lokaci kuma mayukan biyu ba sa shiri, sai kwalta ta zube. In aka yi gaggawa, fulanja da gidanta ba sa tsukewa tare, ratar da ke tsakaninsu kuwa 'yan maikuron ce, sai fulanja ta cije. A jirgin da lantarki ke tuƙa shi, wannan na iya zama ɗaukewar wuta a bakin tasha.

Ta ɓangaren man inji, famfon da ya tsufa a kan kakkauran mai yakan yi yoyo da dizal, yoyon na iya gangarawa tanki ya tsinka mai. Kakkauran mai shi ma yana shiga, amma aikinsa akasin haka ne: yana kaurara mai, kwaltarsa kuma ta manne a murfin kamshaf da cikin ramin sanyaya fistin. Ɓawon da ke ƙarƙashin fistin bargo ne, yana hana zafi fita har kan fistin ya ƙone. Man BN 30 zuwa sama an haɗa shi da sabulun da ke riƙe kwalta. Man gas da na dizal ba su da wannan ƙarfin. Saboda haka ko awa kaɗan za a yi a kan kakkauran mai, ba a yin su da man BN 5 a tanki. Haka kuma ba a tsallakawa daga kakkauran mai zuwa gas kai tsaye, sai an ratsa ta dizal na lokacin da littafi ya ƙayyade.

Tambaya: Sakamakon gwajin mai ya zo daga ɗakin bincike cike da lambobi. Waɗanne zan fara dubawa?

Amsa: Fara da yadda aka ɗebi samfurin. Daga bututun da mai ke zagayawa kafin ya shiga inji, inji na aiki da zafinsa, a zubar da na farko, kuma kafin ciko, ba bayansa ba. A rubuta awannin inji, awannin mai, yawan ciko da irin man da aka ƙona. Duk awa 500 zuwa 1,000 ake yi, a matso da shi in an sauya tsarin mai.

Iyakokin da aka saba gani: BN kada ya gaza 20 a kan kakkauran mai, a kan dizal kada ya faɗi ƙasa da rabin na sabo. Ruwa kada ya wuce kashi 0.3. Dattin da ba ya narkewa kada ya wuce kashi 2. Zafin kamawar wuta kada ya sauko ƙasa da digiri 170. Kauri a digiri 100 kada ya ƙaru da fiye da kashi 25 ko ya ragu da fiye da kashi 20. Littafin injinka ne alƙali in ya saɓa da waɗannan.

Kauri shi kaɗai yana ruɗi a injin mai shan mai iri-iri. Kakkauran mai ya ɗaga shi, dizal ya sauke shi, sai lambar ta fito daidai alhali man ya gurɓata ta fuska biyu. Haɗa shi da banadiyam da nikel, masu nuna kakkauran mai, da zafin kamawar wuta, mai nuna dizal. Sodiyam na nuna ruwan teku ko ruwan sanyaya inji. Baƙin ƙarfe daga silib ne, kuromiyam daga ringi, tagulla da dalma da kuza daga mital. A kan gas, BN yakan daɗe bai motsa ba kuma man yana nan fes a ido, amma zafi da oksid ɗin naitirojin da ke cikin hayaƙi na dafa shi, don haka a nemi ma'aunin wannan lalacewar musamman. Kuma lamba guda ba ta faɗin komai sai an jera ta da na watannin baya.

Firifaya kuwa a riƙe man da ke shigarta a digiri 95, ta tace abin da ke tanki sau 5 a yini a kan kakkauran mai, sau 4 a kan dizal. Ga injinmu wajen lita 3,000 ke nan a awa. Mai sanyi ko gudu fiye da kima, wucewa kawai datti zai yi.

Tambaya: Yawan man da ke tanki yana da muhimmanci, ko ingancinsa ne kawai?

Amsa: Ranar 23 ga Maris 2019 jirgin shaƙatawa Viking Sky ya rasa wuta gaba ɗaya cikin guguwa a Hustadvika, gaɓar Nowe, da mutum 1,373 a ciki. Ya kusa dukan duwatsu, an kwashe ɗaruruwa da helikwafta. Binciken hukumar ƙasar ya gano man da ke tankunan ƙasa yana tsakanin kashi 28 da 40 na cikarsu, alhali mai ƙera injin ya ce 68 zuwa 75. Da jirgi ya riƙa tangaɗi, bakin bututun tsotsa ya fito fili, famfo ya shaƙi iska, matsin mai ya faɗi, injunan suka kashe kansu. Ƙarancin mai yana kuma nufin ƙarancin kanwa da saurin tsufa, tunda lita kaɗan ke ɗaukar nauyin asid ɗin duka.

Wani abin tsaro: in mital ya yi zafi, man inji na zama farin hazo mai fashewa. Fashewar ɗakin karanshaf a jirgin fasinja Reina del Pacifico a 1947 ta kashe mutum 28. Yau injin da ya kai kilowat 2,250, ko silindarsa ta wuce milimita 300, dole a sa masa na'urar gano hazon ko mai auna zafin mital. In ta yi ƙara aka tsayar da inji, ba a buɗe ƙofa sai bayan aƙalla minti 20. A injin gas ana ƙara da tabbatar da cewa babu gas ɗin da ya taru a ciki.

Tambaya: Man tsirrai da metanol fa?

Amsa: Man tsirrai nau'in FAME ba shi da farar wuta sosai, don haka ba ya cin BN. Illarsa ita ce in ya shiga man inji ba ya tashi da zafi, taruwa yake. Kauri ya fara sauka, daga baya in ya lalace ya hau, ya bar danƙo. Yana jan ruwa, yana kumbura wasu robobin sil, kuma a kwanakin farko yana wanko dattin tanki zuwa filta. A ninka yawan ɗibar samfur a watannin farko. HVO kuwa, wani nau'in man tsirrai, halinsa na dizal ne.

Metanol ya fi ruwa tsinkewa kuma ba ya shafe ƙarfe, saboda haka injekta ɗinsa na da man toshiya na daban, wanda ake turawa da matsin da ya fi na metanol ɗin don kada ya ɓulla baya. Ƙunarsa na fitar da ruwa da yawa da ɗan asid mai cin ƙarfe, musamman in inji bai yi zafi ba. Jirgin fito Stena Germanica yana amfani da shi tun 2015, Mein Schiff 7 na 2024 kuma an gina shi da shirin komawa kansa. A irin wannan inji, ruwa da zafin kamawar wuta su ne layuka biyu na farko da za a duba a takardar gwaji, domin metanol na kama wuta tun a digiri 11 zuwa 12.